Maɗin Ɗinyar Mma

Kakar bana ce ta tono mini abin da na daɗe da binnewa. Ina zaune a barandar gidan ɗana a Kanvili, inda na koma da zama tun da gwiwa ta fara ba ni wahala, sai ƙamshin dafaffiyar gwaba ya fito ta tagar kicin ya same ni. Akwai bishiyar gwaba biyu a bayan gidan, bana sun yi 'ya'ya har sun fi ƙarfin ci, suna zubewa tsuntsaye na ɓatawa. Surukata, matar ɗan nawa, ta ce ba za ta zuba ido su lalace ba, za ta yi jam da su, irin wanda ake shafa wa burodi. Ranar Asabar da babu makaranta ta tara yaranta uku. Na juya kujerata yadda zan hango su ta ƙofa. 'Yan matan biyu suna yanka gwaba suna cire 'ya'yan ciki, shi kuwa babban, namijin, ɗan farinta, yana tsaye gaban tukunya da cokalin katako yana juyawa. Uwar na kusa da shi, kafaɗarta na gogar tasa. Tana kiran sunansa gatsau, tana ce masa ya rage wuta, ya matsa lemon tsami, ya yi hankali kada ya fallatso masa a hannu. Maganarsu rabi Turanci, rabi Hausa, da ɗan Dagbanci, yaren 'yan ƙasar nan, a tsakani. Ya faɗi wani abu da ban ji ba, ta yi dariya har ta dafa kansa. A nan na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na yi ta neman sunan da zan ba shi, na ce ko yunwa ce, ko hayaniyar yaran ce ta dame ni. Ba ko ɗaya. Ƙyashi ne. Tsoho mai furfura, wanda ya aurar da 'ya'ya ya ga jikoki, yana ƙyashin yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma jikansa na cikinsa.

Mu a zamaninmu ba mu san jam ba, maɗi muka sani. A Tishigu aka haife ni, a gidan ƙasa mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, mu da iyalin ƙanen babanmu da muke kira Baba Ƙarami. Fataucin goro suke yi su biyun. Idan kaka ta yi, unguwar gaba ɗaya sauya murya take yi. Tun gari bai gama wayewa ba turmi ke amsa wa turmi daga gida zuwa gida, zabi na ta kururuwa a kan katanga, maƙwabtanmu Dagwamba na shigowa da dawa da sabuwar doya a ka, ko'ina ƙamshin gyaɗar da ake soyawa. A lokacin ne ɗinya ke nuna. Bishiyoyin suna can ta wajen Sagnarigu, wurin da a da daji ne da gonaki, yanzu kuwa gidajen bulo ne da shagunan sayar da waya, har in ka ce wa yaro an taɓa yin kiwon shanu a nan sai ya ɗauka ruɗewar tsufa ce. Muna tashi daga karatun safe mu ɗauki kwanduna mu nufi can a ƙafa. Mu gaida manoma da yarensu, mu ce dasiba, su amsa da naa mai tsawo, su nuna mana bishiyar da ta fi zubarwa. Wasu su hau su girgiza, wasu su tsinta. Kafin kwando ya cika ciki ya riga ya cika, haƙora da harshe sun yi baƙi ƙirin, ba wanda zai iya rantsuwa a gida cewa bai ci ba.

Sauran aikin na Mma ne, mahaifiyarmu. Takan zuba ɗinyar a masaki ta jiƙa, ta murje ta da hannu har ƙwallayen su fita, ta tace a kwando, sannan ta juye ruwan a wata babbar tukunya da ba a dafa komai a ciki sai maɗi. Madafin yana kusurwar gida, an kare shi da zana. Daga hantsi har la'asar tukunyar nan na kan wuta. Da farko ƙararta kamar ta yayyafi a kan kwano. Can idan ruwan ya ja, sai ta koma fat, fat, a hankali, kamar numfashin mai barci, ƙamshin kuma ya yi nauyi ya cika gidan har ya tsallaka titi. Abin da zai fito baƙi ne mai sheƙi, mai kauri kamar zuma. A zuba a tulu a rufe baki. Da shi ake shan koko da fura har rani ya yi nisa, da shi ake lallashin mara lafiya. Surukata kuwa cikin awa biyu ta gama nata a kan gas, ba hayaƙi ba toka, ta jera a kwalabe ta saka a firij.

Aikin yaro namiji a bakin zana yake ƙarewa. Ka kawo ɗinya, ka kawo itace, ka kawo ruwa, ka ajiye ka juya. Tun da aka yi mini kaciya babanmu ya ce kada ya ƙara ganina a inda mata ke girki, kuma maganarsa ba a maimaita ta. Wannan dokar ta hau kan kowane yaro a unguwar, ba wanda ya damu da ita. Ni tawa ta fi ta kowa nauyi ne saboda ni ɗan fari ne. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin mace mai mutunci kunyar ɗan farinta take yi. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakata ta wajen uba ce ta goye ni, ita ce mai kirana da suna, kuma ta rasu ban fi shekara shida ba. Bayan ita, idan Mma na son aikena sai ta ce, kai. In ina nesa ta ce wa ƙanwata Lariba, ki ce wa wancan ya zo. Ban taɓa kwana da yunwa ba, rigata ba ta taɓa yagewa ta kwana ba a ɗinke ba. Amma fuskarta in ta juyo gare ni rufewa take yi kamar ƙofa.

Lariba shekara biyu na ba ta, ita ce ke bayan zana tare da Mma. Daga waje ina jin su. Mma da ba ta cika magana a tsakar gida ba, a bakin tukunya bakinta ba ya hutawa. Muryarta takan yi ƙasa ta daɗe, sai Lariba ta ƙyalƙyale, sai ita ma ta biyo baya da wata dariya mai ɗan shaƙewa da ban taɓa ji daga gare ta a wani wuri ba. Na koyi dabara. In aka ce in kawo itace, ba na kawowa a dami, sai in riƙa ɗauko biyu-biyu don in yawaita zuwa. Amma da na leƙo sai maganar ta yanke, in ajiye, in juya, ina yin taku uku ta ci gaba. Rabona na maɗi ba a taɓa tauye shi ba, nakan ma fi Lariba samu tunda ni ne babba. Ba shi nake so ba. A kan Lariba nake hucewa. In mintsine ta ba gaira ba dalili, in ɓoye mata ɗankwali, in kai ƙararta wurin Baba kan abin da bai kai ya kawo ba. Tana kuka tana tambayata me ta yi mini.

Shekarar da Lariba ta yi kurkunu ce aka bar ni na shiga. Ƙafarta ta kumbura, tana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki ba ta iya takawa. Matan gidan duk sun tafi gaisuwar rasuwa, Mma kaɗai ta tsaya saboda ta riga ta ɗora tukunya. Maɗin ya fara kauri, lokacin da ko ƙiftawar ido ba a barinsa, sai autanmu da ke fama da zazzaɓi ya farka ya kama tsala kuka. Na shigo da itacena biyu. Mma ta dubi tukunya, ta dubi ɗakin da kukan ke fitowa, sannan ba tare da ta kalle ni ba ta miƙo mini muciya.

"Kai, riƙe wannan. Ka kai ta ƙasa, ba sama ake juyawa ba."

Ta ɗauko yaron ta zauna a 'yar kujera a bayana tana ba shi nono. Na yi ta juyawa da hannu biyu, hayaƙi na shiga idona, ina tsoron ko tari in yi kada ta tuna ni ne ta kore ni. Ta nuna mini yadda ake kwashe kumfa da ludayi, ta ce in janye itace ɗaya. Can, ina jin sabo ne ya rinjaye ta, sai ta fara magana tana kallon wuta. Ta ce a gidan da ta girma, a wani ƙauye kan hanyar Salaga, bishiyar ɗinya a tsakiyar gida take, ba sai an je daji ba. Ta ce duk yaran gidan ba wanda ya kai ta hawa, kuma daga kan bishiyar nan ta faɗo ta karya haƙorinta na gaba. Kullum ina ganin haƙorin nan mai ɓalli, ban taɓa sanin yana da labari ba. Na juyo da muciya a hannu na ce, "Ke, Mma? Ke kika hau bishiya?" Ta yi dariyar nan mai shaƙewa, tana kallona ido cikin ido. Tawa ce wannan, ba ta bayan zana ba.

Ta tashi ta ɗebo ruwan sanyi a ƙoƙo, ta ce za ta nuna mini yadda ake gane maɗi ya nuna. A daidai nan Baba Ƙarami ya dawo daga kasuwa, ɗansa sa'ana na biye da shi. Ya tsaya a bakin zana ya ƙare mini kallo.

"Ashe Yaya ya yi sabuwar amarya bai gaya mana ba," in ji shi. "Sai a nemo mata zane."

Ɗan nasa ya tuntsure da dariya ya ruga waje, na san kuma wurin yaran unguwa ya nufa. Kunya ta rufe ni. Na saki muciyar ta faɗa cikin toka, na ɗaga murya yadda za a ji ni har zaure na ce, "Ita ta sa ni. Ni ba na aikin mata." Na fice na bar Mma tsaye, yaro a kafaɗa, ƙoƙo a hannu. Kafin ta sauke yaron ta wanke muciyar, tukunya ta kama. Ina daga bayan katanga na ji ƙaurin. Da na leƙo, Lariba ce ta jawo jiki da gindi har bakin murhu tana ƙoƙarin janye itace. Maɗin shekarar nan da ɗacin ƙuna muka sha shi har ya ƙare. Mma ba ta kai ƙarata ba, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Kaka ta zagayo, na zaɓo mata ɗinyar da ta fi kowacce nuna, na ajiye a bakin zana na ɗan tsaya. Ta ce wa Lariba ta ɗauko kwandon.

Daga nan girma ya zo. Na zama yaron mota, na zama direban lori, na yi shekaru ina jigilar doya da shanu zuwa Kumasi in dawo da goro da katako. In na sauka gida nakan durƙusa in gaida Mma, ta amsa tana kallon gefe, in ajiye mata atamfa da sabulu, ta sa albarka, shi ke nan hirar ta ƙare. Ranar da ta rasu ina kan hanya, saƙon bai same ni ba sai bayan an rufe ta. A hannun Lariba ta cika. Tun daga lokacin, duk taron suna ko biki, sai Lariba ta ce Mma takan ce kaza, Mma ba ta son kaza, kowa ya yi shiru yana saurare. Ni da na riga ta sanin matar nan da shekara biyu ba ni da abin faɗa. Sai in ƙaryata ta, in ce ni ban taɓa jin haka ba, alhali gaskiya ce ban taɓa ji ba, kuma abin da ke cina ke nan. Ba mu taɓa yin faɗa ba. Da salla nakan aika mata abin da ya samu, in ta yi rashin lafiya in je dubiya, amma ban taɓa zama a gidanta har shayi ya huce ba.

Kwana uku bayan jam ɗin surukata, na sa aka kai ni kasuwa. Sai da muka zagaya sosai kafin muka sami wata tsohuwa a can gefe da ɗinya a faranti, ta yi mamaki da na ce ta juye mini duka a leda. Na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa Sagnarigu, inda Lariba ke zaune wurin ɗanta tun rasuwar mijinta. Idanunta sun yi rauni, hayaƙin shekara da shekaru ya cinye su. Ta sa hannu a ledar ta lalubo guda, ta matsa, ta shinshina, ta ce wace iska ce ta kawo Yaya da ɗinya. Na ce maɗi nake marmari. Ta kira jikokinta mata biyu ta sa su aiki, tana daga zaune tana ba da umarni da kunne, ƙarar tukunya kaɗai ta ishe ta sanin inda aka kai. Yaran suka ajiye mini kujera can ƙarƙashin bishiya don kada hayaƙi ya dame ni. Na jawo ta da kaina na kawo kusa da tabarmar Lariba.

Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye ta abin da suke faɗa ita da Mma a bakin tukunya duk shekarun nan. Ta yi dariya ta ce ai ba komai. Wace ta yi aure, wace ta yi yaji, akuyar wa ta shiga gonar wa, ciwon bayan da ke damunta, rowar matar Baba Ƙarami. Na ce to, ni fa, takan yi zancena?

"Yaya, kai ma ka san Mma," in ji ta. "Ko mu biyu ne kaɗai ba ta yi."

Na haɗiye wannan. Sai na tuna mata ranar da na riƙe muciya, na ba ta labarin tun daga kukan auta har ƙonewar tukunya, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata mai rasuwa. Ina so in ji ko Mma ta ce wani abu bayan na fita, ko da na ɓacin rai ne. Lariba ta ce kurkunun kam ta tuna, ta ma janye zane ta nuna mini tabon a ƙwaurinta. Amma ranar ba ta tuna ba.

"Sau nawa tukunya ta kama a gidan nan? Ni kwana nawa na yi a wurin? Sun haɗe mini duka."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Ita ranakun sun yi mata yawa har tana zubar da wasu ba ta sani ba. Ni guda ɗaya gare ni, ita ma rabi, kuma ni na yanke ta da bakina.

Na dawo Kanvili da maɗin a kwalba. Surukata ta ɗanɗana ta yaba don ladabi. Yaran suka lasa suka yamutsa fuska, babban ya ce Kaka, wannan ai kamar magani, suka koma kan jam ɗinsu. Ban ji haushi ba, na shige da kwalbar ɗakina, ni kaɗai nake shan koko da shi.

Bayan mako guda, ina alwalar azahar waya ta yi ƙara. Lariba ce, wadda ba ta taɓa kirana sai an yi haihuwa ko mutuwa. Ta ce ta tuna wani abu, amma ba a kaina ba ne. Wai Mma tsoron hawainiya take yi. Wata rana wata hawainiya ta faɗo daga kan zana kusa da murhu, Mma ta watsar da ludayi ta ruga ɗaki ta turo ƙofa, ta ƙi fitowa sai da Lariba ta rantse mata ta jefar da ita bayan katanga, sannan ta gargaɗe ta kada kowa ya ji. Tana faɗa tana dariya har tari ya sarƙe ta, ni ma na yi har da hawaye. Na ce sai kuma me, ta ce na yau ke nan, in wani labarin ya faɗo mata za ta kira.

Da na ajiye wayar dariyar ta tafi, sai haushi ya zo. Fiye da shekara sittin yarinyar nan tana riƙe da wannan, ni ina ta ganin Mma mace ce da ba ta tsoron komai. Wa ya san nawa ne irinsa a wurinta, wa kuma ya san nawa za ta tafi da su. Ban iya jiran sai ta kira ba. Na ce wa ɗana ya gaya wa mai yalo-yalo ya riƙa zuwa ɗaukata kowace Juma'a bayan masallaci. Yanzu zuwana huɗu. Nakan zauna har la'asar ta yi sanyi, ta yi ta lalubo labaran Mma ɗaya-ɗaya, ina karɓa ina godiya, ina kuma jin zafin kowanne, don duk wanda ta ba ni ita ta riga ni samunsa.